Daragon: Yadda Ake Yanka Shi, da Ƙaryar da Ake Haɗa Shi da Ita

Tambayoyi biyar suka iso mini a makon nan, duk a kan wannan ɗan itacen mai jan ɓawo da kunnuwa kore-kore, wanda ake jerawa a manyan kantunan Abuja da Kano, masu sayarwa na kiransa daragon. Na haɗa su wuri guda.

Anti, maigida ya dawo daga tafiya da guda biyu. Kwanansu uku a firji, ban san ta inda ake fara yanka shi ba, kuma ina jin nauyin tambayarsa. — Amarya, Kaduna

Ƙanwata, kwantar da hankalinki, duk kwarjinin a waje yake. Ki fara wanke shi tas kafin wuƙa ta taɓa shi, domin wuƙa ce ke kwasar dattin ɓawo ta shigar da shi ciki. Ki kwantar da shi a kan katako, ki tsaga shi biyu daga kai zuwa gindi. Ba shi da ƙwallo irin na mangwaro, wuƙar za ta wuce salin-alin. Za ki tarar da farar tsoka, wani lokaci ja, cike da ƙananan 'ya'ya baƙaƙe kamar habbatus sauda. Kada ki zauna tsince su, tare ake shanyewa. Sai ki zura cokali tsakanin ɓawo da tsoka, ki zagaya, ta fito ɗungurungum, ki yayyanka ƙanana. In kin ga dama ki raba shi gida huɗu, ki kama bakin ɓawon ki ja, zai saluɓe kamar na ayaba. Ɓawon ba a ci, amma yana yin kwano mai kyau in kika mayar da yankakken a ciki.

Kada ranki ya ɓaci in kin ɗanɗana kin ji salam. Mai farar tsoka haka yake, ruwa ya fi zaƙi yawa. Ki ba shi da sanyi, ki ɗiga lemun tsami, ko ki haɗa da abarba ko kindirmo. Abin da ya rage ki rufe a firji, a shanye zuwa gobe. In wuta ba ta zama a unguwarku, kada ki yanka sai lokacin sha.

Na sayi ɗaya ya zo da tauri. In sa shi a buhu tare da ayaba ya nuna? — Malam S., Zariya

A'a, Malam. Ba kamar mangwaro ko gwanda ba ne da ke ƙarasa nuna a ɗaki. In an tsinke shi, zaƙin da yake da shi ke nan. Ajiya sai dai ta sa ya yi laushi, daga nan ya ruɓe. Gaba in za ka saya, danna shi kaɗan da babban yatsa: ya ɗan lotsa, amma kada yatsa ya nutse. In kunnuwan sun bushe sun yi ƙasa-ƙasa, ko gindin ya fara fumfuna, ya daɗe a kanti. Mafi yawa daga nesa yake zuwa, Biyetnam na cikin manyan masu fitar da shi, ka ga kafin ya iso hannunka ya sha hanya. Mai ruwan ɗorawa a ɓawo, irin na Ekwado da Kolambiya, ya fi sauran zaƙi, ya kuma fi su sakin ciki. Kada ka shanye biyu ka hau motar haya.

Anti, don Allah ki taimake ni. Na ba ɗana mai shekara biyar daragon mai jar tsokar nan, da safe na ga fitsarinsa ya yi ja. Jikina har rawa yake. — Maman Abba, Kano

Sannu, Maman Abba, na san yadda gaban uwa ke faɗuwa. In yaron yana wasansa, ba zazzaɓi, ba kuka wajen fitsari, to launin abin da ya sha ne ke fita. Jan daragon na da rini mai ƙarfi, shi ya sa yake ɓata katako da farar riga kamar zoɓo. Har a bayan gida kina iya ganinsa. Ki ba shi ruwa sosai, kwana ɗaya zuwa biyu zai washe. Amma ki riƙe wannan: in ya wuce haka, ko yana jin zafi, ko kin ga jan na zuwa a ƙarshen fitsari alhali yaron na wanka a kududdufi ko rafi, kada ki ɗora wa daragon laifi. Tsargiya na yin haka, ki kai shi asibiti a gwada fitsarin.

Mai kanti ya ce mini yana warkar da ciwon suga. Ina son in sayi kwali guda in kai wa Baba, ko ya huta da ƙwayoyin nan. — Ɗan kasuwa, Sabon Gari

Ɗana, niyyarka kyakkyawa ce, Allah Ya saka. Amma a nan zan ɗan tsaya, don wannan magana tana ƙona mini rai. Mai kanti kaya ya saro da tsada, yana kallon suna yaushi, dole bakinsa ya yi zaƙi. Daragon ɗan itace ne, ruwa da ɗan sukari da harza, kuma shi ma yana ɗaga suga in an sha da yawa. Ba ya maye gurbin ƙwayar da likita ya rubuta. In Baba na marmari, a yanka masa rabi, a gwada sugansa bayan awa biyu a gani. Amma ranar da aka ajiye magani saboda maganar mai kanti, ranar aka fara shirya gyambon ƙafa da ciwon ƙoda.

Kuma mu faɗa wa juna gaskiya. Duk abin da ya zo daga waje da tsada, nan da nan mu naɗa masa rawanin magani. Na je wani biki an jera shi a faranti, an yanka shi fure-fure, kowa ya ɗauki hoto ya ɗora a Instagram, aka tashi aka bar shi ƙuda na bi. Kankanar da ke gefe kuwa ko yanki ba a bari ba. Uwar biki ta raɗa mini cewa da bashi ta cika kuɗin kayan marmarin. Ka lissafa kuɗin kwalin nan, ka shiga 'Yan Lemo a Na'ibawa da shi, ka ga gwaiba da lemo da gwanda nawa za ka ɗoro. Gwaibar da muke rainawa ta ninka daragon bitamin C nesa ba kusa ba. Ko ka saya wa Baba na'urar gwajin suga da tsinkayenta, ka biya masa kuɗin ganin likita, sauran canji ka saya masa kifi. Ban hana kowa ɗanɗana baƙon abu ba, ni ma na saya don in ji. Guda ɗaya na saya, ba kwali ba, kuma ban kira shi magani ba.

Sunan nan yana ba ni tsoro. Ya halatta a sha kuwa? — Wani bawan Allah

Haba, bawan Allah! Tsiro ne dangin kaktus, wato tsirran nan masu ƙaya da ke jure fari, asalinsa Meziko da Amurka ta Tsakiya, can suna kiransa fitaya. Furensa fari ne babba, da dare yake buɗewa, kafin hantsi ya yi yaushi. Kunnuwan ɓawon ne aka ga sun yi kama da jikin dodon tatsuniyoyin Asiya, aka laƙaba masa sunan dodon, wato daragon. Yi bismillah ka sha, in kana da kuɗinsa.