Tazargade, karkade da filasko: likita na amsa tambayoyinku

Tambaya daga wani manomi a Mai Wurno, ƙasar Sudan: Likita, tun da yaƙi ya ɓarke a 2023 magani ya yi tsada a wajenmu. An ce mini maganin zazzaɓin cizon sauro na asibiti daga tazargade aka samo shi. Me zai hana in dafa ganyen in ba yarana?

Malam, Allah ya kawo mana ƙarshen wannan fitina. Abin da aka faɗa maka yana da tushe. Wata masaniya 'yar ƙasar Sin mai suna Tu Youyou ce ta jagoranci waɗanda suka tace sinadarin artemisinin daga wani nau'in tazargade a 1972, kuma a kan wannan aiki aka ba ta kyautar Nobel a 2015. Sai dai a cikin labarin nata akwai amsar tambayarka, domin ba ta yi nasara ba sai da ta daina tafasa ganyen, bayan ta gane cewa zafi yana lalata sinadarin. Ban da haka, yawansa a cikin ganye ya danganta da irin shukar da ƙasar da ta fito da yadda aka shanya ta, kuma ba duk abin da ake aunawa a kasuwa da sunan tazargade ne irin na Sin ba. Ba ka da hanyar sanin abin da ke cikin kofin da ka miƙa wa yaro.

Akwai wani dalili da ya fi damuna. Artemisinin yana kashe ƙwayoyin cutar da sauri, amma cikin 'yan sa'o'i ya fita daga jini. Shi ya sa ƙwayar Coartem, maganin zazzaɓin cizon sauro na asibiti, ta haɗa abu biyu: artemether, wanda aka gyara daga sinadarin ganyen, da lumefantrine, wanda a masana'anta aka harhaɗa shi, shi ne kuma yake daɗewa kwanaki a jiki yana ƙarasa waɗanda suka tsira. Idan yaro ya sha ruwan ganye kawai, zazzaɓin zai iya lafawa har ka ɗauka ya warke, alhali ragowar ƙwayoyin suna nan suna hayayyafa. Ta irin wannan hanya cutar take koyon jure magani, kuma an riga an tabbatar da alamun hakan a Ruwanda da Yuganda da maƙwabciyarmu Eritiriya. Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta amince da shan ganyen a madadin magani ba.

Ka kai yaro a gwada jininsa. In an samu cutar, ya sha Coartem sau shida cikin kwana uku bisa nauyinsa, tare da madara ko abinci mai maiƙo, don da maiƙo hanji yake iya tsotse shi. In ka ga farfaɗiya, ko amai ba ƙaƙƙautawa, ko yaro ya kasa farkawa sosai, to allura yake buƙata a asibiti a wannan rana.

Tambaya daga wata uwa a Gadarif: Ina da hawan jini, ina shan amlodipine. Maƙwabciyata ta ce in bar shi in riƙa shan karkade mai sanyi. Ya halatta?

Hajiya, karkade, wato zoɓo, yana da amfani na gaske, kuma na Kurdufan yana cikin mafi kyau a duniya. Gwaje-gwajen da aka yi a kan masu hawan jini mara tsanani sun nuna cewa shan sa kullum na makonni yana rage lambar sama ta awon jini da kimanin maki 7. Ga wadda jininta ya ɗan haura 140 wannan taimako ne, amma ga wadda take kaiwa 170 bai isa ya kare ta daga shanyewar ɓarin jiki ba. Maganar da ake yi cewa mai zafi yana ɗaga jini, mai sanyi yana saukar da shi, ba ta da hujja. Sukarin da muke zubawa a ciki shi ne abin tsoro. Ki ci gaba da ƙwayarki, ki sha karkadenki ba sukari, ki rage gishiri da dunƙulen miya, sannan ki riƙa rubuta awon jininki ki kai wa likitanki. In kin fara jin jiri idan kin miƙe tsaye, ki gaya masa nawa kike sha.

Tambaya daga wani dattijo a Kassala: Kusan kullum sai na jiƙa sanamakka kafin in samu bayan gida. Akwai illa?

Akwai, Baba. Sanamakka, wato filasko, magani ne mai ƙarfi, har a kantin magani ana sayar da ƙwayarsa da aka auna, kuma yakan yi aiki cikin sa'a 6 zuwa 12. Amma bai kamata a wuce mako guda ana shan sa ba tare da shawarar likita ba, domin yana zubar da gishirin potasiyam daga jiki, wanda zuciya take buƙata don ta buga daidai, musamman ga mai shan maganin zuciya na digoxin ko maganin sa fitsari. Ka ƙara ruwa da kuɓewa da ganye, kuma tun da abin ya daɗe, ka je a duba hanjinka, ballantana idan kana ganin jini a bayan gida ko kana ramewa.