Kasuwar wasan fataucin sararin samaniya: shin sai kwamfuta ta kwaikwayi komai?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni kaɗai nake gina wasan kwamfuta na fatauci a sararin samaniya, inda ɗan wasa ke sarin haja a wata tasha ya kai wata a kumbonsa. Abin da ya hana ni barci shi ne, abokan da na ba su gwaji sun gano hanya guda tsakanin tashoshi biyu, suka yi ta kai da komowa har suka kuɗance cikin awa ɗaya, daga nan suka ajiye wasan. An ba ni shawarar in zuba ɗaruruwan fatake da kwamfuta ke sarrafawa domin farashi ya daidaita kansa kamar a kasuwar gaske. Shin wannan ce mafita?

Amsa: Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Ciwon kasuwarka sananne ne: farashinka ba ya motsi idan an yi ciniki, kuma kuɗin da ke shiga hannun ɗan wasa ba su da mafita. Amma maganin da aka rubuta maka ya fi ciwon haɗari, kuma na gaji da jin sa daga bakin masu koyarwa a YouTube waɗanda ba su taɓa kammala wasa ko ɗaya ba.

Ribar farke tana cikin tazarar farashi tsakanin kasuwa biyu. Idan ka saki fatake ɗari waɗanda suka san farashin ko'ina a lokaci guda, za su cike wannan tazara kafin ɗan wasanka ya tayar da kumbo, ya iso ya tarar an riga an ci kasuwa. Idan kuma lissafin ya karkace, masana'anta guda ta rasa kayan aiki, sai waɗanda suka dogara da ita su tsaya bi da bi, ka wayi gari kasuwa ta mutu ba ka san inda abin ya faro ba. Waɗanda suka gina wasan Ultima Online, wanda ya fito a 1997, sun gwada rufaffen tsari inda albarkatu ke zagayawa, sai 'yan wasa suka jibge kaya a ma'ajiyarsu har albarkatun suka ƙafe, dole aka yi watsi da tsarin. Masu kawo maka misali da wasan EVE Online kuwa suna mantawa cewa dubban mutane ne ke ciniki a cikinsa, kumbunan da aka tarwatsa asara ce ta dindindin, kuma kamfanin da ya gina shi, CCP na ƙasar Iceland, sai da ya ɗauki masanin tattalin arziki aiki a 2007. Kai kuma mutum ɗaya ne da kwamfutarka.

Wasan Elite na 1984, wanda David Braben da Ian Bell suka rubuta, haja iri 17 kacal gare shi, kuma farashi ya dogara ne ga ko duniyar da aka sauka ta manoma ce ko ta masana'antu, tare da ɗan canji na ƙaddara. Da wannan ya riƙe mutane shekaru.

Abin da zan ba ka shawara shi ne, kowace tasha ta kasance da adadin kaya da take buƙata, farashi ya riƙa sauka da kowane tan da aka sayar mata, sannan ya farfaɗo a hankali cikin kwanakin wasan. Wanda ya dawo karo na uku da haja iri ɗaya zai yi kwantai, dole ya nemi wata kasuwar. Ka ɓoye wa ɗan wasa farashin nesa, ko ka ba shi tsohon labari, domin ya yi kasada da jarinsa. Sai ka buɗe kafofin da kuɗi ke zurarewa: mai, gyara, albashin ma'aikata da kuɗin fito. A wasan Starsector harajin kashi 30 cikin ɗari ya sa cinikin yau da kullum ba ya da riba sosai, sai an sami ƙarancin kaya ko an bi ta kasuwar bayan fage, inda fasa-ƙwauri ke da nasa hukunci.

Fataken kwamfuta kaɗan sun isa, a gan su suna zirga-zirga, kuma idan 'yan fashi suka tare ayarinsu farashi ya tashi a tashar da ke jiran su. Kafin ka taɓa manhajar, zuba lambobinka a Excel, ka lissafa ribar kowace hanya a minti guda na wasa. Duk hanyar da ta ninka sauran, ka ƙara mata haɗari ko ka rage buƙatar tasharta, sannan ka mayar wa abokan nan naka su sake gwadawa.