Tsohon Garmaho Mai Akwati: Yadda Ake Gane Asalinsa da Gyara Shi

Tambaya: Mun gāji wani garmaho mai dogon akwatin katako daga kakanmu. Yana da ƙofofi a gaba da hoton kare a cikin murfinsa. Kafinta ya ce a goge shi da sanfefa a shafa sabon banish. Ta yaya za mu san shekarunsa, kuma mu bi shawarar kafintan?

Amsa: Malam, ina roƙonka ka dakatar da kafintan tukuna, domin sanfefa za ta cinye hoton karen nan da fentin asali, waɗanda su ne babban ɓangare na darajar kayan.

Hoton kare mai sauraren ƙaho, wato bututun da sauti ke fitowa, tambari ne na wasu kamfanoni, musamman Victor na Amurka da Gramophone Company na Ingila mai sunan His Master's Voice. Tun da ƙahon naku a ɓoye yake bayan ƙofofi, ba a ƙera shi kafin 1906 ba, shekarar da Victor ya fara fitar da samfurin Victrola. Ka ɗaga murfin ka duba gefen da faifai ke juyawa. Idan na Victor ne, za ka ga ɗan farantin ƙarfe mai haruffan VV da lambar samfuri da lambar ƙira, kuma da su ake gano shekarar. Sannan ka dubi kan da ake ɗaura allura: idan fatarsa, wato siririn fallen da ke tsakiyarsa, garai-garai take kamar gilashi, galibi tsohon salo ne, idan kuwa ta alminiyom ce, salon da ya biyo bayan 1925 ne.

Fentin irin waɗannan akwatuna yawanci shalak ne, wato wani irin banish da sifirit ke narkarwa. Ka ɗiga kaɗan a bayan akwatin inda ido ba ya kaiwa. In wurin ya yi danƙo, to shi ne, kuma gwani zai iya farfaɗo da sheƙinsa ba tare da kankare shi ba. Kafin nan, tsumma mai laushi ya isa a share dauɗa. Fallen katakon da ke saman akwatin siriri ne ƙwarai, kuma bushewar hunturu kan ɗaga shi, saboda haka a liƙe shi da gam ɗin da ake yi da fatar dabba a danne, kada a buga masa ƙusa. A kifa akwatin a duba ƙafafunsa ko gara ta shiga.

Injin kuwa kada a murɗa hannunsa da ƙarfi. Idan ana jin bugu yayin da faifai ke juyawa, tsohon giris ne ya daskare a cikin gwangwanin sifirin, wato naɗaɗɗen ƙarfen da ke juya injin, kuma buɗe gwangwanin aikin mai gyaran agogo ne da ya saba, domin ƙarfen kan ɓalle ya yanke hannu. Bayan gyara, a daidaita gudunsa a kan juyi 78 a minti, a kuma riƙa sa sabuwar allurar ƙarfe ga kowane gefen faifai, domin wadda ta dakushe tana cinye layukan muryar.