Katin memorin da kake rainawa

Kai yaro, wai tambaya kake me ya sa muke saka wa kowace sensa, wato na'urar awo, katin memori tunda duk abin da ta auna getwe take tura wa, wato na'urar da ke karɓa ta miƙa wa intanet? To shi getwen ba ya mutuwa ne?

Wani alhaji mai noman tumatir can wajen Kura ya taɓa ba ni aiki, sensoshin auna danshin ƙasa muka kafa masa. Na ce Alhaji a sa kati a kowace ɗaya, ya ce tsada, wai ai intanet na ajiyewa. Na yi bayani har bakina ya bushe, ya ce in dai ina son aikin in cire. Hunturu ya shigo ƙura ta lulluɓe solar getwen, mai gadi ko tsumma bai taɓa sa mata ba, batir ya sauka getwe ya ɗauke, su kuwa sensoshin suna ta aunawa suna watsa wa iska, ba mai karɓa ba inda suka rubuta. Ranar da waɗanda suka zuba masa kuɗi suka nemi lissafin ban-ruwa, wayam. Mutumin nan ko kunya babu ya ce kayana jabu ne, ya danne min cikon kuɗina, ya bi manoman yankin yana ɓata min suna. Har yau in na ga kwandon tumatir raina sai ya sosu wallahi.

Da kati, kowace ta riƙe nata, getwe na dawowa ta turo abin da ya taru. Amma ka sa mata agogo DS3231 mai ɗan batirinsa, don ESP32, ɗan allon kwamfutar da ke cikin sensar, in wuta ta yanke masa farkawa yake agogonsa na nuna shekarar 1970, awon da ba lokaci kuwa shara ne.

Ku yaran yanzu kun kalli YouTube kun zama injiniyoyi, ku sa na'ura tana turawa duk daƙiƙa don ku ga lamba na rawa a waya. Rediyon da na'urar ke tura saƙo da shi ne ke shanye batir ba lissafi ba, ta tara ta tura a dunƙule ta koma barci. In kuma suna miƙa wa juna saƙo ne, na kusa da getwe ke fara mutuwa don kayan kowa ta kansu yake bi, su ake ba babban batir.

Haɗa waya da soda kam ba zan ɓata bakina ba. Gobe ka fito da wuri akwai katunan da za a yi wa fomat, kuma kar ka sake ka sayo min na bakin titi.