Amsa ga Malam Sakatare kan sashen labarai na manhajar ƙungiya

Assalamu alaikum Malam Sakatare. Na ga tambayarka, kuma wallahi na kasa wucewa, domin halin da kake ciki na san shi ciki da waje. Ka ce masu aikin tallafi sun ɗora wa ƙungiyarku ta manoman rani manhajar tattara sababbin dabaru, kuma sashen nan da ke kwaso labarai da binciken masana da kansa yana ta zubo maka abubuwa ba iyaka, ga shugaba ya ce ka riƙa tura su duka zauren WhatsApp na mambobi. Kana tambaya ko ka kashe shi ka huta. Kada ka kashe shi. Amma don girman Allah kada a tura komai kai tsaye daga can zuwa wayar manomi. Ni ne sakataren tamu ƙungiyar a nan yankin Auyo, kuma wannan turawa kai tsayen ce ta kusa raba ni da mutanen garinmu.

Ka dai tuna 2022, yadda taki ya yi tashin gwauron zabi bayan ɓarkewar yaƙin Rasha da Yukren. Mutum ya dasa shinkafa amma buhun yuriya ya fi ƙarfinsa. A cikin wannan ƙunci ne wani rubutu ya faɗo a sashen labaran, manhajar ta ɗora shi a sama ta ba shi maki mai yawa. Wai akwai takin ruwa da ake fesawa a ganye, kwalba ɗaya ta isar maka a madadin buhu. Jami'in da masu tallafin suka haɗa mu da shi, ba zan kama sunansa ba, shi ma yana da hanyar shiga manhajar. Ya ɗauki hoton kanun rubutun kawai, ya jefa a zaurenmu, ya rubuta a ƙasa cewa bincike ya tabbatar. Ni kuwa na buɗe na karanta har ƙarshe. Gwajin a cikin tukwanen shuka aka yi shi, a ɗakin gilashi, a wata ƙasa mai nisa, kuma can ƙasa da ƙananan haruffa an rubuta cewa kamfanin da ke yin takin ne ya biya kuɗin binciken. Na kira shi na ce Yallaɓai a dakata mu gwada a fangali ɗaya tukuna. Ranar taro, a gaban shugaba da Sarkin Noma da dattawa, ya dube ni ya ce, "Malam, kai ka fi masana sani ne?" Aka yi dariya. Har yau in na tuna dariyar nan sai ƙirjina ya yi nauyi.

Bai yi mako ba sai ga shi da katon-katon a bayan motarsa. Mutane suka saya. Akwai wanda ya sayar da tunkiya, akwai wata baiwar Allah mai marayu da ta kwashe kuɗin adashinta. Ita ce ta fi tsaya mini a rai, don da kanta ta aiko ɗanta ya tambaye ni ko gaskiya ne, na ce masa ta jira, amma wa zai ji maganar sakatare ga mai mota da katin aiki a wuya yana magana? Shinkafa ta zo lokacin yin 'ya'ya sai ta tsaya cak, ganye ya yi ɗorawa tun daga ƙasa. Kafin mutane su farga su nemo yuriya bashi, ta riga ta ɗauki ciki a wahale. Wani dattijo da nake jin kunyarsa tun ina yaro ya tugo gindi ɗaya daga gonarsa, da taɓonsa da komai, ya zo ya ajiye a gabana a ƙofar masallaci bayan la'asar. Ya ƙirga 'ya'yan da yatsa, ba su cika hannu ɗaya ba. Ya ce, "Sakatare, ai kwamfutarka ce ta faɗa." Bai ƙara komai ba ya tafi. Jami'in kuwa an yi masa canjin wurin aiki, lambarsa ta daina shiga, daga baya muka ji cewa da shi da dilan takin bakinsu ɗaya. Ni aka bari da kallon mutane. Na daɗe ina zagayewa ta bayan gari in zan je gona. Matata ma sai da aka jefa mata magana a gidan suna. Na bar shi da Allah, amma ban yafe ba, musamman hakkin marayun nan.

Abin takaicin shi ne lissafin bai fi ƙarfin ɗan firamare ba. Yuriya kashi 46 cikin 100 na nauyinta sinadarin naitirojin ne, wato buhu mai kilo 50 yana ɗauke da kilo 23. Kwalbar lita ɗaya gaba ɗaya nauyinta bai wuce kilo ɗaya da 'yan kai ba. Ta ina kilo 23 zai shiga ciki? Takin ganye yana da amfaninsa a matsayin ƙari, ba na musu, amma ba ya maye gurbin buhu.

To ka fahimci yadda abin yake aiki, ka kuma fahimtar da shugabanku. Sashen nan yaron aike ne da ka tura kasuwa ka ce duk inda ya ji an ambaci shinkafa ya zo ya faɗa maka. Zai kawo maka maganar masani, ya kawo ta ɗan talla, ya kawo ta mahaukaci, duk da murya ɗaya. Makin da yake bai wa rubutu ba shaidar gaskiya ba ce, yana auna yawan dacewar rubutun da kalmomin da aka saka masa ne da kuma sabuntarsa. Mai talla kuwa ya fi kowa iya cusa waɗannan kalmomi a rubutunsa, shi ya sa nasa ke hawa sama.

Yawan da ke damunka daga kalmomin ne. Shiga wajen saiti ka duba abin da suka saka maka, na tabbata kalmomi ne masu faɗi irin noma, Kano, Najeriya. Mu da aka sa mana sunan shinkafa da Turanci, wato rice, shi kaɗai, rabin abin da ke zuwa labarin Declan Rice ne ɗan ƙwallon Ingila. Sunan jiha kuma siyasa kawai yake jawowa. Ka haɗa kalma biyu ko uku wuri ɗaya, sunan amfanin gona da sunan cuta ko ƙwaro, ko sunan iri kamar FARO 44 da muke kira sipi. Ku da kuke ɓangaren Kura da Garun Malam masu tumatir, ka sa Tuta absoluta, tsutsar nan da ta cinye gonaki a 2016, ka haɗa da Najeriya ko Afirka ta Yamma. Akwai kuma gurbin kalmomin da ba ka so, ka cika shi ba tausayi. Sannan ka mayar da saƙon ya riƙa zuwa sau ɗaya a mako maimakon kullum. Data ma za ta yi maka auki, don mu nan sai na hau kan gadar kanal nake samun sabis mai ƙarfin buɗe takarda.

Majiyoyi kuma kada ka bar wa manhajar ta zaɓa. Ka saka da hannunka: cibiyar binciken aikin gona ta IAR da ta wayar da kan manoma ta NAERLS da ke Samaru a Zariya, cibiyar binciken hatsi ta Badeggi, cibiyar binciken aikin gona ta ƙasa da ƙasa IITA, cibiyar binciken shinkafa ta Afirka AfricaRice, da cibiyar noman ƙasashe masu ƙarancin ruwa ta Jami'ar Bayero. Ka ƙara hukumar hasashen yanayi NiMet saboda hasashen damina da suke fitarwa farkon shekara, da hukumar NIHSA mai fitar da hasashen ambaliya. Wanda ya ga abin da ruwa ya yi mana a Jigawa a 2022 ba sai an roƙe shi ya sa waɗannan biyun ba. Wasu shafukan namu na gida sukan daɗe ba a sabunta su ba, ko manhajar ta kasa kwasowa daga gare su, to irin waɗannan sai ka riƙa leƙawa da kanka.

Ka kula da kwanan wata fa. Sau da yawa tsohon labari ne wani shafi ya sake bugawa, sai ya zo maka a matsayin sabo. An taɓa tayar wa masu wakenmu hankali da labarin Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Najeriya saboda maganin fiya-fiya, ana ta yaɗawa wai jiya aka yi, alhali tun 2015 ne. Kuma labari ɗaya zai iya zuwa ta shafuka goma, kada ka ɗauka shaidu goma ne, takardar sanarwa ɗaya ce kowa ya kwafa.

Wani abu da ke ci mini rai, ka yi haƙuri zan ɗan kauce. Manhajar nan sunanta ta tattara dabaru, amma masu kawo ta sun fi damuwa da dabarun da ke zuwa daga intanet a kan na mutanen da ke tsaye cikin taɓo. Ba ta jin shirin noma na rediyo, ba ta jin hirar majalisa. Yadda mutanenmu ke fama da kachala a magudanan ruwa, da yadda ake tsaron jan baki lokacin da shinkafa ta fitar da kai, wa ya rubuta wannan a wata mujalla? Ni yanzu duk wanda ya zo da wata dabara da ya gwada a gonarsa, ina shigar da ita akwatin dabaru da sunansa, daidai da ta farfesa. Ka ga yadda fuskar mutum ke sakewa in ka karanta tasa a taro. Matan da ke turara shinkafa ma sun fi kowa kawo abin kirki, amma ba a taɓa gayyatarsu horon manhajar ba.

Yanzu ga yadda muke yi, kuma sai da na ce zan ajiye muƙamin kafin a yarda. Mutum ɗaya ne ke buɗe sashen labaran, wato ni. A mako ba na ɗaukar fiye da abu biyu ko uku. Kowanne ina duba wa ya yi binciken, a ina aka yi, a gona ne ko a tukunya, wa ya biya kuɗi. Idan abin saye ne, maganin feshi sai na ga lambar NAFDAC, iri kuma sai da shaidar hukumar iri ta ƙasa, NASC. Daga nan in kai wa malamin gona na JARDA, hukumar raya aikin gona ta Jigawa, ku kuma ta Kano, KNARDA, kuke da ita. In ya ce da ƙamshin gaskiya, sai in danna maɓallin da ke mayar da labarin dabara a cikin manhajar, in rubuta sunan wanda zai gwada da fangalin da za a gwada a ciki, da wani fangalin kusa da shi da za a bari yadda aka saba don a kwatanta. Ba a faɗa wa sauran mambobi su yi ba sai an yanke an auna shanshera a gaban kowa.

Ta haka muka samu abin da ya sa nake ce maka kada ka kashe shi. Bayan cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, ban ruwa da inji ya zama azaba. Sai sashen ya kawo bayanin wata hanya da cibiyar binciken shinkafa ta duniya, IRRI, da ke Filifin ta daɗe tana koyarwa, ta barin fangali ya ɗan tsane kafin a sake ba shi ruwa. Bututun roba ake yankawa mai tsawon santimita 30, a huhhuda rabinsa na ƙasa, a kafa shi a fangali a kwashe taɓon da ke ciki. Kana leƙawa kana ganin inda ruwa yake a ƙarƙashin ƙasa. Sai ya sauka santimita 15 ƙasa da doron ƙasa sannan ka tayar da inji. Lokacin fure ne kawai ba a wasa, mako ɗaya kafin da mako ɗaya bayan, dole ruwa ya kwanta. Su suna cewa ana iya rage ruwa har kusan kashi 30 cikin 100 ba tare da amfani ya ragu ba. Mun gwada a fangalin Sarkin Noma. Na ga dattijon nan mai gindin shinkafa ya durƙusa yana zura kara a bututun yana duba tsawon jiƙar, bai ce mini komai ba, amma rani na gaba ya kafa nasa. Sai dai a gonar da ke da rairayi sosai bai yi mana kyau ba, kuma ciyawa takan ƙaru, wannan ma na rubuta shi a manhajar don na baya ya sani.

Ka yi hattara da fassarar na'ura, musamman wajen ma'aunin magani. Ta kan rikita lita da mililita, hekta da eka. Ni da bakina nake yin saƙon murya da Hausa in tura, ba na tura hoton kanu ko kaɗan.

Sannan ka bincika tun yau, asusun manhajar da sunan wa aka buɗe shi, kuma wa zai biya kuɗinta in aikin tallafin ya ƙare? Mu da adireshin imel na jami'in nan aka buɗe namu, da ya tafi sai da muka sha wahala kafin a dawo mana da shi, abubuwa da yawa da muka tara sun bi ruwa. Ka sa a mayar da shi sunan ƙungiya, ka kuma hana duk wanda ba mamba ba ikon tura abu zaurenku. Ni har littafi na saya ina kwafe duk gwajin da muka yi da biro. In shugabanku ya ƙi fahimta, ka karanta masa wannan amsar tawa a gaban dattawa, in kuma kana son jerin kalmomin da muke amfani da su ka yi magana a nan zan rubuto su, sai ka cire na shinkafa ka sa na tumatir da albasa.