Filin Amsa Tambayoyi: Wayar Da Aka Aiko Daga Amurka Ta Ƙi Karɓar Layina

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni malamar firamare ce a wani ƙauye da ke yankin Ringim. Ƙanina da ke karatu a Amurka ya aiko mini da waya ta hannun wani abokinsa, amma da na sanya layina sai ta nemi in shigar da lambar buɗewa. Mai gyara ya ce a kulle take, kuma ko an buɗe ta ba lallai ne ta yi intanet da sauri ba. Me ake nufi da kulle, kuma ya zan yi?

AMSA: Wa alaikumus salam, Malama. Mai gyaran nan ya faɗa miki gaskiya, sai dai ya haɗa matsaloli biyu a magana ɗaya, kuma raba su shi ne zai hana ki kashe kuɗi a banza.

A Amurka, kamfanonin sadarwa sukan sayar da waya tare da layinsu, mai saye yana biyan kuɗinta kaɗan-kaɗan kowane wata. Domin kada ya ɗauki wayar ya koma wani kamfani kafin ya gama biya, sai su ɗaure ta yadda ba za ta karɓi layin kowa ba sai nasu. Wannan shi ne kullen. Mabuɗinsa kuwa yana hannun kamfanin da ya sayar da ita, saboda haka ƙaninki ne ya kamata ya tuntuɓe su, idan ya gama biya kuma ya cika sharuɗɗansu, ya nemi a saki wayar. Za su buƙaci lambar shaidarta mai alƙaluma 15, wadda ake kira IMEI, wadda ke fitowa idan aka danna *#06#, kuma akan same ta a jikin kwalin. Daga nan ko dai su ba shi lambar buɗewa ya turo miki, ko su buɗe ta daga can, ke kuma ki haɗa ta da intanet ki sake sanya layin.

Akwai masu gyara da ke maƙala wani ɗan siririn falle a ƙarƙashin layi domin ya yaudari wayar. Yana aiki na ɗan lokaci, amma sau da yawa da zarar wayar ta sabunta manhajarta ko an canza layi, sai ta koma gidan jiya. Ban ba ki shawarar wannan ba, ballantana ma ga mutumin da sai ya shiga mota kafin ya isa wurin mai gyara.

Matsala ta biyu ita ce wadda mutane suka fi jahilta, kuma ta fi cizon mazauna karkara. Duk wanda ya taso da rediyo ya san cewa akwatin da ke kama FM kaɗai ba zai kamo tashar da ke watsa shiri a gajeren zango ba, komai tsadarsa da sabuntarsa. Haka waya take. Kowane kamfani yana watsa sabis ɗinsa a kan wasu zanguna da hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta ba shi, kuma kowace waya tana da zangunan da aka ƙera ta da su tun daga masana'anta, ba wani mai gyara da zai iya ƙara mata. A Najeriya, zangunan 4G da aka fi amfani da su su ne na 3 mai megahaz 1800, da na 7 mai 2600, da na 20 mai 800, da na 28 mai 700. Kamfanonin Amurka kuwa sun fi dogara da na 2 da 4 da 12 da 13 da 66. Manyan wayoyi masu tsada galibi suna ɗauke da duka biyun, amma ƙananan da aka yi domin kasuwar Amurka kawai sukan zo babu namu. Irin wannan wayar za ta iya yin kira, amma a saman fuskarta za ki riƙa ganin harafin E ko H a madadin 4G, ki tura hoton rajistar ɗalibai ta WhatsApp ya yi ta juyawa har a tashi makaranta.

Dalilin da ya sa na ce abin ya fi shafar karkara shi ne, zango mai ƙarancin megahaz, kamar 700 da 800, ya fi tafiya nesa kuma ya fi ratsa katanga, mai yawan megahaz kamar 2600 kuwa yana ɗaukar data mai yawa amma ba ya nisa da ƙarfen sabis. Mutumin Sabon Gari a Kano, wanda ƙarfe ke kewaye da shi ta ko'ina, zai iya rayuwa da wayar da ba ta da zango na 20 ko na 28 bai ma lura ba. Ke da ƙarfe mafi kusa da ke yana garin da ake cin kasuwa, waɗannan biyun na iya zama su ne bambanci tsakanin yin intanet a cikin ɗaki da hawa tudun bayan gari ana ɗaga hannu sama. Masu layin Glo sun san wannan tun da daɗewa, domin kamfanin ya fara 4G ɗinsa ne a kan zango na 28, lokacin da wayoyi da yawa a kasuwa ba su da shi.

Don haka kafin ƙaninki ya wahalar da kansa, ki duba cikakkiyar lambar samfurin wayar, ba sunanta kawai ba, domin waya mai suna ɗaya takan fito iri daban-daban ga ƙasashe daban-daban. Ki tura masa ya bincika zangunanta a shafin kamfanin da ya ƙera ta. Idan babu na 3, ko kuma babu na 20 da na 28, gara a sayar da ita a sayo miki wata a nan.

TAMBAYA: Ina fataucin dabbobi tsakanin Maigatari da Wudil. Ina son babbar waya ta ɗaukar hoton shanu da karɓar kuɗi ta banki. Yarana sun ce lallai in sayi mai 5G. Shin dole ne?

AMSA: Alhaji, ba dole ba ne, kuma ni a ganina asarar kuɗi ce a halin da kake ciki. MTN ya fara 5G a Najeriya a shekarar 2022, Airtel ya biyo baya a 2023, kuma yawancinsa yana manyan birane. A kara ko a kan hanyar Gumel, wayar mai 5G za ta koma 4G ne kamar kowace. Kuɗin da za ka ƙara a kai, ka zuba shi a batir da wurin ajiya. Wanda zai wuni ranar Alhamis a kasuwar Maigatari, sannan ya kwana a garin da sai an kai waya wurin mai cajin janareto, yana buƙatar batir mai ƙarfin mAh 5000 ko fiye, da wurin ajiya na gigabait 128, domin bidiyon shanu da saƙonnin murya suna cika 64 tun kafin shekara ta zagayo. Ka kuma kula da wata dabarar talla: idan an rubuta ƙwaƙwalwar aiki 4+4, huɗun farko ne na gaske, na biyun aro ne daga wurin ajiya, kuma bai kai na asali sauri ba.

Ka tabbata tana cin layi biyu, kuma ramukan biyu duka suna kama 4G, tunda kamfanin da ke da ƙarfi a Wudil ba lallai ne shi ke da ƙarfi a bakin iyaka ba. Wayoyin da aka yi domin kasuwarmu, irin su Tecno da Infinix da itel da Samsung da Redmi na dillalan da aka amince da su, a buɗe suke zuwa. Wani abu kuma, tunda Maigatari tana maƙwabtaka da Nijar, waya takan tsallaka ta kama sabis ɗin can da kanta, a caje ka kuɗin ƙasar waje kana tsaye a Najeriya. Ka sa yaranka su kashe maka datar ƙetare, su kuma zaɓi kamfaninka da hannu.

TAMBAYA: Zan je Farm Centre a Kano in sayi iPhone ta hannu, irin wadda ake kira 'yar Landan. Me zan duba? Daga wani matashi a yankin Dambatta.

AMSA: Ɗan'uwa, kada ka sayi kifi a ruwa. Ka je da layukanka, ka cire na mai shago ka sanya naka a gabansa, ka kira wani, ka kashe Wi-Fi ka buɗe bidiyo da datarka, ka ga 4G ko LTE ta fito da idonka. A cikin saitin iPhone, wurin bayanin waya, akwai layin da ke nuna kulle. Abin da kake so ka gani shi ne "No SIM restrictions", wato ba a kulle take ba. Ka leƙa tiren layin ko an ɓoye fallen da na ambata a sama. Ka danna *#06# ka gwada lambar da wadda ke cikin saiti, sannan ka sa a goge wayar gaba ɗaya a sake kunna ta kana kallo, domin idan asusun iCloud na tsohon mai ita yana ciki, a nan zai bayyana, kuma wayar da ta tsaya a wannan matakin ba ta da amfani sai kayan gyara.

Tun daga iPhone 14 ta 2022, waɗanda aka yi domin Amurka ba su da ramin layi kwata-kwata, sai layin da ake saukewa a cikin waya, wato eSIM. MTN da Airtel suna bayar da shi, amma ka tambayi ofishinsu tukuna, don kada ka koma Dambatta da wayar da babu inda za ka zura layinka. Idan ka ga irin wannan samfurin na Amurka amma da rami, to buɗe ta aka yi aka haƙa shi.

Daga ƙarshe, ka karɓi rasit mai ɗauke da IMEI da sunan shago, kuma ku yi yarjejeniya a gaban shaida cewa za ka gwada ta kwana biyu ko uku a gida, tunda sabis ɗin Farm Centre ba shi ne na ƙauyenku ba. Idan mai shago ya ƙi wannan sharaɗin, shago na gaba taku biyar ne kawai.