Zauren Tambaya da Amsa: Takalmin shiga daji a duwatsun Mambila da damina

TAMBAYA

Assalamu alaikum. Ni mafarauci ne, sana'ar da na gada wurin mahaifina, kuma ina zaune a wani ƙauye kusa da Gembu, cikin ƙaramar hukumar Sardauna ta jihar Taraba. Mukan yi kwana biyu ko uku a daji, muna hawa tudu muna gangara kwari, muna ƙetare rafuka, ga shi a nan ruwan sama yakan cinye fiye da rabin shekara. Takalmin roba irin na manoma ya zame da ni a kan dutse har na yi targaɗe, na fata kuwa da na saya a gwanjo tafinsa ya ɓare tun a rana ta biyu. Yanzu wani ɗan kasuwa yana tallata mini wani mai tsada, ya rantse ko ɗigon ruwa ba ya shiga cikinsa. Shin in saya?

Daga wani mai karatu a Gembu

AMSA

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya ƙara sauƙi ga ƙafar da ta yi targaɗe. Shawarata ita ce kada ka ba da kuɗinka saboda wannan alkawari kaɗai, domin kowane takalmi yana da baki, kuma ta bakin nan ruwa yake shiga. Duk ranar da rafi ya wuce idon sawunka, ko kuwa ka kutsa cikin doguwar ciyawa da sassafe ta jiƙa maka wando ruwan ya biyo ƙwauri ya gangara, to ƙafarka ta jiƙe, ko nawa ka biya. Abin da ya kamata ka tambaya shi ne ko takalmin zai riƙe ƙasa, ko ya yi daidai da ƙafarka, sannan yaya zai kasance bayan ruwan ya riga ya shiga.

Mai yiwuwa ɗan kasuwar nan ba ƙarya tsagwaronta ya yi maka ba. Yawancin irin waɗannan takalma ana shimfiɗa musu wani siririn yadi daga ciki, wanda ya fi shahara shi ne Gore-Tex, da aka samo asalinsa a Amurka a shekarar 1969. Yadin yana da ƙofofi ƙanana ƙwarai, waɗanda ɗigon ruwa ba ya iya bi ta cikinsu amma tururin gumi yana fita. A kan raɓa, da taɓon da bai yi zurfi ba, da yayyafi, yana aiki sosai. Matsalar ita ce abin da ya hana ruwa shiga shi ne kuma yake hana shi fita, saboda haka da zarar ka faɗa rafi takalmin ya zama bokiti, kuma yakan yi kwana biyu bai bushe ba a wurin da rana ba ta cika fitowa. Ban da haka, yadin yakan tsage a hankali daidai inda yatsu suke lanƙwasawa, ga kuma jabu da ya yi yawa a kasuwa, wanda tambarin kawai aka manna masa.

Sojojin Amurka sun ci karo da irin matsalarka a dazuzzukan Biyetnam, kuma mafitar da suka bi ta saɓa wa abin da mutum zai zata. Sun haƙura da hana ruwa shiga, suka yi takalmi mai fata daga ƙasa da yadin nailan mai ƙarfi daga sama, aka huda masa ƙananan ƙofofi biyu a gefen ciki ta yadda kowane taku zai matse ruwan ya fita. Ga wanda yake ƙetare rafi sau biyar ko shida a wuni, a ganina wannan samfurin ya fi dacewa, kuma yakan fi sauƙin kuɗi. Sai dai Mambila ba Biyetnam ba ce. Kuna zaune a kan tudun da tsayinsa ya haura mita 1,500 sama da matakin teku, dare yana da sanyi, kuma ƙafar da ta kwana a jiƙe cikin sanyi tana iya kamuwa da ciwon da ya addabi sojoji a ramukan Yaƙin Duniya na Ɗaya, inda fata take yin fari ta yamutse, ƙafar ta kumbura ta daina jin taɓi, ba tare da an kai ga ƙanƙara ba. Don haka in ka zaɓi wannan samfuri, wajibi ne ka riƙa ɗaukar safa biyu ko uku a ƙulle cikin leda, ka ware guda ta kwana wadda ba za ta taɓa shiga ruwa ba.

Inda nake so ka fi zuba ido shi ne tafin takalmi, tun da shi ne ya kayar da kai. A shekarar 1935 wasu masu hawan duwatsu su shida suka mutu a tsaunukan Italiya, aka ɗora wani ɓangare na laifin a kan takalmansu, abin da ya sa abokinsu Vitale Bramani ya fito da tafin roba mai haƙora a 1937, wanda har yau ake sayarwa da sunan Vibram. Ba sai lallai ka sami wannan sunan ba, amma ka nemi siffofinsa. Ka kifa takalmin ka duba haƙoran: su kasance masu zurfi, kamar milimita 5, da tazara a tsakaninsu, domin jar lakar nan taku takan cike haƙoran da suka matsu da juna har tafin ya koma sumul kamar faranti. Ka tabbata dunduniyar tana da tudu mai kaifin baki, wanda shi ne birkinka a gangare. Sannan ka danna farcen babban yatsanka a kan robar. In ta ɗan lotsa ta dawo, za ta kama jiƙaƙƙen dutse, in kuwa ta yi tauri tana ƙyalli kamar robar kujera, ka ajiye masa abinsa. Daga nan ka kama gaba da baya ka murɗa kamar mai matse wanki. Takalmin kirki yakan ƙi murɗuwa, ya lanƙwasa a wajen yatsu kawai, kuma wannan taurin ne yake tare idon sawu sa'ad da ka taka gefen dutse da nama a kafaɗa. Duk da haka babu tafin da yake kama dutse mai gansakuka, a nan sanda ce ƙafarka ta uku.

Game da na gwanjon da ya ɓare, na san ciwon, domin na taɓa ganinsa da idona. Wani abokin tafiyata ya sayi takalmi mai kyan gani, fatarsa ko ƙwarzane babu, amma kafin azahar sai muka ga yana zubar da wani baƙin gari a hanya, can kuma tafin ya saki gaba ɗaya, sai da muka ɗaure shi da igiya ya lallaɓa zuwa gida. Dalili shi ne soson da ke tsakanin tafi da ƙafa a takalman Turai da dama da wani sinadari ake yinsa mai suna foliyuritan, wanda danshin iska yake ci a hankali ko da takalmin yana ajiye ba a sa shi, har ma ajiyar ta fi saurin lalata shi. Shi ya sa a gwanjo wanda ya fi kama da sabo wani lokaci shi ne ya fi haɗari. Ka soka farce a gefen soson, in ya farfashe ko ya yi danƙo a hannu, ya riga ya mutu. In da hali ka zaɓi wanda aka ɗinke tafinsa da zare a kan wanda aka liƙa da gam kawai, saboda mai gyaran takalmi na kasuwarku zai iya sake masa ɗinki.

Gwaji kuwa da yamma ake yinsa, lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, kuma da safar da za ka shiga daji da ita. Kafin ka ɗaure igiya ka tura ƙafar gaba har yatsu su taɓa, yatsan hannunka ɗaya ya iya shiga bayan dunduniya. Bayan ka ɗaure, ka nemi gangare ko matakala ka sauka: in yatsunka suna dukan gaba, farce zai yi baƙi ya fita, in kuma dunduniya tana ɗagawa, bororo yana jiranka. Sau da yawa mai sa lamba 42 a gari 43 ce take yi masa a daji. Kada ka fara shiga daji da sabon takalmi sai ka yi mako biyu kana zuwa gona da kasuwa da shi. Takalmin ma'aikatan gini mai ƙarfe a baki kuma ka bar shi, nauyi ne kawai da sanyi, ga cin yatsu a gangare.

Ban ce ka jefar da na robar ba. A fadama da bakin kogi, inda ƙasa take shimfiɗe, babu kamarsa, kuma tsawonsa yana rage haɗarin maciji, tun da yawancin sara a ƙafa da ƙwauri yake sauka. Wannan ya fi muhimmanci in kun gangaro ƙasa mai zafi inda kububuwa da kasa suka fi yawa, irin saran da ya sa asibitin Kaltungo a jihar Gombe ya yi suna. Takalmin da ya wuce idon sawu da kamar faɗin tafin hannu, da wando mai kauri da aka saki a kansa, suna taimakawa, ko da yake ba su ne za su hana ka duba inda kake takawa ba.

Wurin kulawa ne mafarauta da yawa suke kashe takalmi da hannunsu, domin in an sauka da dare sai a jera su a bakin wuta, zafin ya ƙona fatar ta tsage, gam ɗin ya saki. Ka cire shimfiɗar ciki, ka sassauta igiya, ka cusa tsohuwar jarida ko busasshen tsumma, ka ajiye nesa da wutar inda iska take bi. In ka dawo gida ka wanke lakar, ya bushe a inuwa, sannan ka shafa kakin zuma da aka narka da ɗan man kaɗanya, musamman a kan ɗinki, amma kada man ya yi yawa don yakan sa fata ta saki. Safar ulu ta fi ta auduga nesa, domin ko ta jiƙe tana riƙe ɗumi, ita kuwa auduga sai ta manne a fata ta jawo bororo da cin ruwa a tsakanin yatsu. Da safe kuma, kafin ka zura ƙafa, ka kifa takalmin ka kakkaɓe saboda kunama.

In har zuciyarka ta kwanta da na ɗan kasuwar nan bayan ya ci duk waɗannan gwaje-gwaje, ka roƙe shi ya bari ka tsaya da shi cikin daro mai ruwa zuwa ƙasan igiya na minti goma, da busasshiyar safa a ƙafarka, kafin ku yi ciniki.